Abinci kafin tiyatar dajin mafitsara: abin da aka tattauna a Zinder

A wata fada, wato majalisar hira, da ke unguwar Zengo, hira ta biyo ta kan dattijon da za a cire wa mafitsara saboda ciwon daji. Ga abin da aka tsayar.

Wani malamin asibiti ya ce likitoci kan auna sinadarin albumin, wani nau'in furotin da ke cikin jini, kafin aiki. In ya gaza gram 35 a lita, ko mara lafiya ya rame a 'yan watannin baya, rauni kan yi jinkirin warkewa, haɗarin rasa rai bayan tiyata kuma yakan ƙaru. Don haka a fara gyaran ci tun makonni kafin ranar aiki.

Nan aka fi daɗewa. Kunu zalla ba ya gina jiki, duk da shi muke ɗura wa majinyaci. A haɗa da wake, ƙwai, nono, gujiya, kifi, zogale, har da soyayyar fara. In ba ya iya cin da yawa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likita.

A bar taba. Fitsarin jini kuma kada a ce tsargiya ce kawai, ita ma tana jawo dajin mafitsara.