Musayar waƙa: jiragen katako na Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ɗan Rimi:
Da sunan Allah na fara, 'yan'uwa ku matso,
A 1914 ne jirgin yaƙi ya taso,
Jikinsa katako da yadi, da waya aka ɗauro,
Aikinsa leƙen asiri, ya je ya gano, ya dawo.

Jikar Malam:
Malam, leƙen nan bai daɗe ba,
Ƙaramar bindiga matuƙa suka ɗauka, ba ta wadatar ba,
Mai jigida kuwa, farfela ba ta ba ta hanya ba.
Garros na Faransa, a 1915, bai haƙura ba,
Ya liƙa ƙarfe a farfela, harsashi bai fasa ta ba,
Ya faɗa hannun Jamus tun ba a je ko'ina ba.
Sai Fokker, mai ƙera wa Jamus jirage, ya daidaita harbi da juyin inji,
Harsashi ya bi ta tsakani, ko taɓa ta bai yi ba.

Baban Ummi:
Ku ba ni wuri in wasa gwanin Jamus!
Richthofen, jan jirgi mai fiffike hawa uku,
Jirage 80 ya kakkaɓo, wa ya kama ƙafarsa a cikinku?
Afrilun 1918 ya faɗi yana ɗan 25, ku riƙe a ranku.

Kawu Na-Gwale:
Baban Ummi, ɗana, sassauta kirari,
Yawancin tamanin ɗin a jirgin Albatros ya yi su tun fari.
Ka manta da mai ɗaukar hoto, yana leƙe cikin ɗari,
Da makaniken da ke murza farfela da hannu, ga haɗari,
Ga man zurma da inji ke fesa wa matuƙi a fuska,
Ya haɗiya, ciki ya ɗau ƙugi, a sama ina mafari?
Afrilun 1917, a Arras ta Faransa, Ingila ta ga tashin hankali,
Jirage 245 ta rasa, wa ya yi wa yaran nan kirari?

Baban Ummi:
Kawu, na ji, a yi mini aikin gafara. Amma baitinka na bakwai ya karya amsa-amo.

Kawu Na-Gwale:
Na biyar ma ya karya, ba ka ƙirga da kyau ba.

Jikar Malam:
Kawu, abin da ya fi ci mini rai, zancen lema,
Mai leƙe daga balan-balan an ba shi, ya dira lafiya ma,
Matuƙin Ingila in wuta ta kama, ba shi da makama,
Jamus sai 1918 ta fara raba wa nata,
Na Ingila har aka tsagaita wuta ba su samu ba su ma.