Neman kalmar Hausa: me za mu kira "entropy"?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗaliban fiziks. Kalmar da nake so mu tsayar wa suna yau ita ce entropy, wadda ake rubutawa da harafin S a darasin zafi da aiki. Masu bayani da Hausa sukan ce hargitsi, ko rikicewa, ko kuma su are ta su ce entirofi. Ina da wata shawara daban, kuma ina so a gwada kowane suna da irin tambayoyin da ake ba mu a aji, domin a nan ne ake gane sunan da zai yi mana aiki.

Bajamushen nan Rudolf Clausius ne ya ƙirƙiro kalmar a 1865, daga wata kalmar Girkanci mai nufin juyawa ko sauyawa. Da gangan ya ɗauko ta daga tsohon harshe don kowace al'umma ta ara yadda take. Saboda haka mai cewa entirofi bai yi laifi ba, kuma ɗalibin Zariya da ke rubuta jarrabawa da Turanci, da na Yamai da ke yi da Faransanci, duk za su gane ta nan take. Sai dai sunan ba ya gaya wa kowa komai. Ana haddace shi, a haddace ΔS = Q/T, a fita daga aji ba a san abin da aka auna ba.

Kafin in ci gaba: ΔS sauyin da aka samu a S ne, Q zan kira shi zafi, T kuma matakin zafi a ma'aunin Kelvin. Hausa takan ce "zafi" ga duka biyun, kuma a wannan darasi haɗa su babban haɗari ne.

To, mu gwada hargitsi. An sa kilo 1 na ruwa mai matakin zafi 273 K a cikin iska mai sanyin 263 K, ya daskare. Kowane giram na ruwa yana fitar da jul 334 (jul shi ne ma'aunin makamashi) kafin ya zama ƙanƙara, wato jul 334,000 ke nan gaba ɗaya. S na ruwan ya ragu da 334,000/273, kimanin 1,223 J/K (jul a kowane Kelvin). S na iskar ya ƙaru da 334,000/263, kimanin 1,270 J/K. Jimilla an sami ƙarin kusan 47, shi ya sa abin yake faruwa da kansa. Yanzu ka ce wa ɗalibi "hargitsi ya ƙaru". Zai dubi ƙanƙarar ya ga ƙwayoyin ruwa sun jeru reras, ya dubi iskar bai ga wani yamutsi ba. Ina hargitsin? Abin da ya faru a zahiri shi ne makamashin da ke tattare cikin ruwan ya fita ya bazu cikin iska.

Ga kuma nauyin da kalmar ke ɗauke da shi a kunnen Bahaushe. Hargitsi yakan ɓarke ne, a kasuwa ko a filin taro, akwai faɗa a ciki, akwai laifi. Ƙanƙarar da ke narkewa a kofi ba ta yi faɗa da kowa ba. Ko a Amurka, wani malamin kimiyyar sinadarai, Frank Lambert, ya daɗe yana kira a cire wannan fassara daga littattafan koyarwa, kuma littattafai da dama sun cire. Bai kamata mu ɗauko abin da masu shi suke ajiyewa ba. Rikicewa ma haka take, har ta fi muni, don tana nuna kamar wani ne ya ruɗe.

Shawarata ita ce awon bazuwa.

Turaren wuta idan aka sa shi a kusurwar ɗaki, ƙamshin yakan game ɗakin, kuma ba a taɓa ganin ya tattaru ya koma kasko da kansa ba. Wannan shi ne bazuwa, kuma S adadinta yake aunawa. Na sa "awo" a gaba ne saboda bazuwa aiki ce da ke gudana, S kuwa adadi ne da abu yake da shi a halin da yake ciki, ko ana motsi ko ba a yi.

Wani malaminmu ya ce me zai hana a ce bazuwar makamashi, a fito fili. Allah ya gafarta malam, a tambayar ƙanƙara hakan ya zauna daram. Amma a dubi waɗannan biyun.

Ta farko: mol 1 na iskar gas (mol ma'aunin yawan ƙwayoyi ne) yana rabin tulu, ɗaya rabin babu komai, tulun kuma ba ya shigar da zafi ba ya fitarwa. Aka cire shamakin, gas ya cika tulun. Q sifili ne, amma S ya ƙaru da R ln 2 (R tsayayyar lambar gas ce, ln kuma alamar logarithm), wato 8.314 sau 0.693, kimanin 5.76 J/K. A nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa, don sun manta cewa Q/T yana aiki ne kawai ga sauyin da za a iya mayarwa baya a hankali.

Ta biyu daga darasin kwantam take, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyi irin su ilektiron. Ilektiron yana da ɗan maganaɗisunsa, wanda idan aka auna ko dai ya kalli sama ko ya kalli ƙasa. Idan babu wani maganaɗisu daga waje, halayen biyu makamashinsu ɗaya ne. Ilektiron guda N suna da hanyoyin jeruwa 2 sau 2 sau 2 har sau N. A sa wannan cikin ƙa'idar Ludwig Boltzmann, S = k ln W, wadda ke rubuce a kan kabarinsa a Biyana, inda k tsayayyar lamba ce, W kuma yake nufin yawan hanyoyin da ƙwayoyin za su iya kasancewa, sai a sami Nk ln 2. Ga mol 1 kuwa, R ln 2 ne, 5.76 J/K, daidai da amsar tulun gas. Wannan daidaituwa ba sa'a ba ce. A tulun, kowace ƙwaya ta sami zaɓi biyu, hagu ko dama. A nan ma zaɓi biyu ne, sama ko ƙasa. To a tambayar ilektiron wane makamashi ne ya bazu? Babu. Abin da ya bazu shi ne yiwuwa, ta rarrabu a kan halaye masu yawa. Shi ya sa na bar bazuwar a buɗe ban ɗaure ta da makamashi ba. Haka zai sa sunan ya yi aiki har a lissafin saƙonni da Claude Shannon ya kafa a 1948, inda babu zancen zafi sam.

An kuma tambaye ni dalilin da ya sa ban ce yaɗuwa ko watsuwa ba. Muna bukatarsu a wasu wurare. Yaɗuwa ta dace da tafiyar haske da igiyoyin rediyo a darasin lantarki da maganaɗisu. Watsuwa kuma a bar ta ga abin da ke faruwa idan haske ya bugi ilektiron ya kauce, irin gwajin Arthur Compton na 1923. Idan muka kashe kalmomin nan uku a kan abu ɗaya, gobe za mu rasa na sauran.

Ba na cewa a jefar da entirofi. A ambace ta sau ɗaya a farkon darasi don ɗalibi ya san abin da zai tarar a takardar jarrabawa, sannan a yi bayanin da awon bazuwa. Ga yadda take zama a jimla. Doka ta biyu ta darasin zafi da aiki: a cikin abin da aka killace, awon bazuwa ba ya raguwa. Injin Carnot, wato injin da ya fi kowane iya mayar da zafi aiki, da ke aiki tsakanin 500 K da 300 K: ya karɓi jul 1,000 daga wuri mai zafi, awon bazuwar wurin ya ragu da 2 J/K. Dole a biya wannan a wuri mai sanyi, kuma a 300 K sai an zuba jul 600 kafin a sami 2 J/K. Saura jul 400, su kaɗai za su zama aiki, kashi 40 cikin 100.

Wanda yake da tambayar da wannan suna ya gaza a kanta, don Allah ya kawo ta da alƙalumanta mu warware tare. Musamman ina so a gwada shi da cakuɗa gas iri biyu, da kuma doka ta uku, inda matakin zafi ke kusantar sifili.