Dajin hanjin Baba ya kai hanta, akwai sauran magani?

'Yar Garwa:
Salamu alaikum. Bara aka yi wa mahaifinmu tiyata, aka yanke ciwon daji a babban hanjinsa. Ya murmure har ya koma rumfarsa a kasuwa. Yanzu sikana ta nuna tabo biyu a hanta, awon jini na CEA, wanda ake bibiyar dajin da shi, ma ya hau. Yayana ya dage sabon ciwon hanta ne, a nemo sassaƙe. Abin da ya ɗaure mini kai, an cire shi daga hanji, ta ina ya bi?

Ma'aikacin jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ta jini ya bi. Jinin da ke kwaso abinci daga hanji, babbar jijiya guda ce ke kai shi hanta kafin ya wuce zuciya. Ƙwayoyin dajin da suka ɓalle tun kafin tiyata a can suke maƙalewa, sikana ba ta ganinsu sai sun girma. Shi ya sa dajin hanji ya fi yawan sauka a hanta. Ki gaya wa Yaya wannan ba irin wanda hepatayitis B ke jawowa ba ne. Na hanjin ne, maganinsa za a ba shi.

Ku tambayi likita kai tsaye: za su yanku? In tabon kaɗan ne kuma bai bazu wani wuri ba, ana yanke ɓangaren, hanta kuwa tana sake tohowa. Akwai waɗanda suka warke ta haka. Ƙanana wani lokaci ƙona su ake yi da allura. In sun yi girma, ana fara shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, su motse tukuna.

Maman biyu, Ngaundere:
An ba mahaifiyata FOLFOX, wani haɗin shimiyo da ake sawa ta jijiya, a Yawunde, duk bayan mako biyu. Ku shirya wa sanyi. Ko kofin ruwan firij ta taɓa sai yatsunta su ɗauki zugi, maƙogwaro ya shaƙe, sai ruwan ɗumi muke ba ta. In za ku hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ku haɗa takardun tiyatar bara da faifan sikana. Mu mun bar namu a gida, aka sa muka sake biya.

Ma'aikacin jinya, Marwa:
Sassaƙen kuma don Allah a dakata. Hantar da za a yanka ake so ta yi ƙarfi, wasu jiƙe-jiƙen kuwa ita suke fara bugawa.

'Yar Garwa:
Na gode, Allah ya saka. Litinin za mu koma wurin likita, zan ja Yaya mu je tare ya ji da kunnensa.