Tsamin cinya kwana biyu bayan hawan Dutsen Dala

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Shekarata 41, kuma na daɗe rabona da motsa jiki, sai ranar Asabar da na bi abokaina muka hau Dutsen Dala sau uku bayan sallar asuba. A ranar ban ji komai ba illa haki, amma da safiyar Litinin cinyoyina suka ɗaure, har na kasa tsugunawa yin alwala sai da na dafa bango. Shin rauni na ji? Kuma me ya sa ciwon ya jira sai da aka kwana biyu?

Tsohon Ɗan Ƙwallo:
Wa alaikumus salam. Tsamin jiki ne kawai, Malam. A zamaninmu masu horar da mu cewa suke yi sinadarin laktik asid ne ya taru a tsoka, sai a gasa wurin da ruwan zafi a koma fili.

Malamar Kimiyya:
Yallabai, ka yi daidai a kan sunan abin, amma bayanin laktik asid an daɗe da barinsa, domin jiki yana kawar da shi cikin kimanin awa guda bayan an huta. Abin da ke faruwa shi ne, zaruruwan tsoka suna samun ƙananan tsagewa da ido ba ya gani, sannan jiki ya turo jini da ƙwayoyin gyara wurin, ya ɗan kumbura, shi ya sa zafin ya fi tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72.

Kuma na fi zargin saukowa a kan hawa. Idan mutum yana gangarowa, tsokar gaban cinya tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyinsa kamar birki, kuma irin wannan aikin shi ya fi tsaga zaruruwa. Idan ka koma Dala bayan ciwon ya lafa, za ka tarar bai kai na farko ba, saboda tsokar ta riga ta ƙarfafa kanta.

Ma'aikacin Jinya:
Hakin ma zai ragu, sai dai shi makonni yake ɗauka, yayin da ruwan jini ke ƙaruwa, zuciya kuma ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu. Ka riƙa ƙirga bugun a wuyan hannunka da zarar ka farka. Na babba yana tsakanin 60 da 100 a minti, kuma za ka ga naka yana sauka sannu a hankali. Amma idan fitsarinka ya koma kamar baƙin shayi, ko cinyar ta kumbura sosai, ka tafi asibiti a ranar, domin tsokar da ta lalace da yawa tana iya taɓa ƙoda.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Fitsari lafiya lau. Asabar mai zuwa sau ɗaya zan hau, kuma zan sauko a hankali.