Karma a addinin Buddha: alhaki za mu ce, ko sakayya?

Mai Fassara: Salamu alaikum, jama'a. Ana neman kalmar Hausa da za ta tsaya a madadin "karma" a rubutun da ya shafi addinin Buddha, musamman inda ake bayanin abin da ke bin wanda ya zubar da jini. Uku ne a gabana: ƙaddara, sakayya, alhaki. Wacce ta fi dacewa?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Malam, fara cire ƙaddara. Ƙaddara abin da aka rubuta wa mutum ne, karma kuwa abin da mutum ya aikata da kansa. Asalin kalmar a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, "aiki" take nufi, a harshen Pali na tsofaffin littattafan addinin Buddha kuma kamma ake cewa. Buddha bai ma yarda cewa duk abin da ya sami mutum daga aikinsa na baya yake ba. Da wani Sivaka ya tambaye shi, sai ya lissafa masa ciwon da ke tasowa daga matsarmama, da majina, da iska, da sauyin yanayi, da sakaci, da farmakin wani, sannan a ƙarshe ya ambaci sakamakon aiki.

Hajiya Malama: Sakayya ma ba za ta yi ba. Bahaushe in ya ji sakayya, ya san akwai mai sakawa, shi ya sa muke cewa "Allah ya saka mini". A wurinsu kuwa babu alƙalin da ke yanke hukunci, aikin ne ke haifar da abinsa. Alhaki ya fi kusa, tunda mun ce kuikuyo ne, mai shi yake bi. Matsalarsa ita ce cuta kawai yake ɗauka. Karma kuwa ta haɗa har da ciyar da mayunwaci.

Ɗan Zazzau: Gaskiyarki, Hajiya. Kuma akwai wurin da alhaki zai ɓatar da mai karatu. Buddha ya ce nufi shi ne kamma. Malaman sharhi na ɓangaren Terabada, irin su Buddhaghosa da ya yi aiki a Siri Lanka a ƙarni na 5, sun kafa sharuɗɗa biyar kafin kisa ya cika: a sami mai rai, ka san mai rai ne, ka yi nufin kashe shi, ka yi yunƙuri, ya kuma mutu ta dalilin yunƙurin. In ɗaya ya faɗi, kisan bai cika ba. Makahon da ya tattake ƙwari bai sani ba babu komai a kansa. Wanda ya yi harbi ya kuskure bai kai ga kisa ba, amma mugun nufin ya riga ya zama aiki. Wanda ya tura a kashe kuwa yana ciki tsundum, ko da hannunsa bai taɓa makami ba.

Bazindire: Ku lura, abu biyu ne ake cakuɗawa. Kamma shi ne aikin, abin da ya biyo baya kuma vipaka suke ce masa, wato nuna, irin ta 'ya'yan itace. Nassinsu ya ce mai kisa kan faɗa mummunar makoma bayan mutuwa, in kuma an sake haihuwarsa mutum sai ya yi gajeren kwana; mai dukan halittu da sanda ko dutse ko wuƙa shi kuma ya zo da yawan ciwo. Nunar tana iya zuwa a wannan rayuwa, ko ta gaba, ko can nesa. Laifi biyar ne ba su jira: kashe uwa, kashe uba, kashe arahant, wato wanda ya kai maƙura a tafarkinsu, fitar da jinin Buddha, da raba kan jama'ar masu zuhudu. Waɗannan kai tsaye sai wutar Abici a rayuwa ta gaba. Ita ma ba ta har abada ba ce, don haka kada mai fassara ya yi gangancin rubuta Jahannama.

Labarin Angulimala ya fi komai nuna bambancin. Ɗan fashi ne da ake cewa ya kashe mutum 999, ya tuba ya shiga zuhudu. Duk da haka ya fita bara aka jefe shi, ya komo kai na jini, ƙwaryar bararsa a fashe. Buddha ya ce masa ya daure, abin da zai sha a wuta shekara da shekaru ne yake sha yanzu.

Hajiya Malama: To ni ga shawarata: kamma "aikin nufi", vipaka "nunar aiki". Na kauce wa "niyya" ne don tana jan hankali zuwa ga wadda ake ɗaurawa kafin salla, alhali su motsin zuciya na lokacin aikin suke nufi.

Ɗan Zazzau: Na yarda. Sai dai a bar "karma" a ambaton farko, a bi ta da bayani, kada wani ya zaci 'yan karma ake magana, dakarun ƙasa na yaƙin da.

Mai Fassara: Madalla, na ɗauki biyun. Alhaki zan ajiye shi ga jimlar da ke maganar cutar da wani kaɗai, kamar "alhakin kisan mahaifinsa Bimbisara ya bi sarki Ajatasattu na Magada". Saura kalmar arahant, Malam Bazindire, don "waliyyi" ba ta kwanta mini ba.