Muhawara: Haɗuwar ƙwaya da kishiyarta za ta iya ba mu lantarki?

Malam Isufu, Tawa: Assalamu alaikum. Daren jiya wuta ta ɗauke ina gyaran takardun ɗalibai da fitilar waya, sai darasin da nake koyarwa ya faɗo mini a rai. Idan elektaron, ƙanƙanuwar ƙwaya mai caji da ke cikin kowane abu, ya gamu da kishiyarsa fositaron, mai nauyinsa daidai amma cajinsa akasi, dukansu biyu sukan ɓace, nauyinsu kaf ya koma hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani. Giram 1 na kishiyar, in ya haɗu da giram 1 na abu na yau da kullum, zai saki ƙarfin da ya kusa ninka bom ɗin Hiroshima sau 3. A ganina nan makomar lantarki take.

Hajiya Rabi, Yamai: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, amma ina ma'adinin? Uraniyom na Arlit haƙo shi ake yi daga ƙasa da ƙarfinsa a cikinsa, ita kuwa kishiyar babu inda take jibge a duniyarmu, dole sai an ƙera ta, kuma wutar da ake kashewa wajen ƙerawar ta fi wadda za a samu nesa ba kusa ba. Wanda ya zuba ruwa tulu guda a rijiya don ya ɗebo ludayi bai sami ruwa ba.

Malam Isufu: Hajiya, a 1928 masanin kimiyya Dirac lissafi kawai ya yi a takarda wanda ya nuna yiwuwar kishiyar, a 1932 wani masanin, Anderson, ya ga fositaron zahiri. Ba a yanke wa ilimi hukunci da wuri.

Abdu, ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni: Malam, da girmamawa, wannan ba ƙarancin dabara ba ne, ƙa'ida ce: ƙarfin da ke fita a haɗuwar ba zai taɓa wuce wanda aka zuba tun farko wajen ƙerawa ba. Ga wahalar ajiya kuma, domin da ta taɓa bangon mazubi ta tafi. A CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, a 2011, da maganaɗisu aka riƙe kishiyar haidirojin, na daƙiƙa 1000 kacal.

Hajiya Rabi: Inda na ga amfaninta shi ne asibiti. A hoton PET, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka ta amfani da fositaron, hasken gamma biyu da ke fita daga haɗuwar suna juya wa juna baya su ne ke nuna wa likita inda ciwon daji ya ɓuya.

Malam Isufu: Na karɓi hujjarka, Abdu, ba rijiya ba ce. Amma a matsayin man kumbon da zai yi tafiya mai nisa, inda nauyin kaya ya fi kuɗi muhimmanci, har yanzu ban sauka ba.