Filastar gidanmu na zubewa bayan damina ɗaya, kuma mai aikin surukin yayana ne

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san gini.

Gidanmu na gado yana cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Ginin ƙasa ne tun na kakanmu, tubali da azara, kaurin bangon ya fi kamu ɗaya. Bayan rasuwar Baba muka haɗa kuɗi ni da yayyena don a gyara sashen Hajiya: a cire rufin ƙasa a sa kwano, a yi wa bango filasta ciki da waje, sannan a yi mata banɗaki a jikin ɗakin. Ciwon gwiwa ke damun ta, ba ma son ta riƙa ratsa tsakar gida da dare.

Babban yayanmu ya kawo ƙanin matarsa, ya ce harkarsa ce. Aka yi jinga a kan naira miliyan 3 da dubu 200, kaya da aiki duka nasa. Ba a rubuta komai ba, a zaure aka yi magana aka shafa fatiha. An fara a Janairun 2024. Da siminti ya tashi a Fabrairu, buhu ya haura naira 10,000, ya zo ya yi kuka, muka ƙara mashi dubu 250 ba gardama, don kowa ya ga abin da ya faru a kasuwa. Kafin azumi ya gama, ya yi fenti, wuri ya yi kyau ƙwarai. Hajiya ta yi ta sa albarka.

Ruwan Agusta ne ya tona komai. Filastar bangon gabas ta kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga, rannan da asuba wani ɓangare mai faɗin tabarma ya zube gaba ɗaya. A banɗaki ruwan wanka ba ya bin magudana, bakin ƙofa yake taruwa, kullum sai an share da tsintsiya. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne bangon da ke tsakanin banɗakin da ɗakin: daga ƙasa zuwa gwiwa a jiƙe yake, fentin ya sale, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa.

Na kira shi. Ya ce ruwan bana ne ya yi yawa, kuma dama ginin ƙasa ba ya riƙe siminti. To in haka ne me ya hana shi faɗa tun kafin ya karɓi kuɗin? Saura dubu 300 a hannuna, yana ta aike a ba shi. Yaya ya ce in biya a bar wa Allah, kada a ɓata zumunci. Ni kuma uwata ce ke kwana a ɗakin.

Wane ne laifinsa, wane ne na ginin? In riƙe kuɗin ko in bayar?

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam. Yaro, kafin maganar kuɗi, ka fitar da Hajiya daga ɗakin nan yau ɗin nan. Bangon ƙasa in gindinsa ya sha ruwa ba ya sallama, zama kawai yake yi. Kowace damina muna jin yadda gidaje ke rufta wa mutane a tsakar dare. Ka sa hannu ka danna wajen da ya jiƙe, in yatsanka ya shiga to aikin ya wuce fenti.

Na yi shekara fiye da talatin da cokalin gini a hannu, kuma da ƙasa na fara kafin bulo. Maganar da ya faɗa maka rabinta gaskiya ce. Siminti da ƙasa ba jinsi ɗaya ba ne. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa in ya kama ya kama, ba ya bin ta. Shi ya sa mai sanin aiki ba ya shafa filasta haka kawai. Sai ya kankare tsohon yaɓe ya kai ga ƙasa mai ƙarfi, ya kafa ƙusoshi, ya ɗaure wayar kaji a jiki, ya yayyafa ruwan siminti ya bari ya kwana, sannan ya shafa. Je ka duba abin da ya zube. In ba ka ga waya ko ƙusa a bayansa ba, to tsallake aikin ya yi.

Ga kuma lokacin da aka yi shi. Janairu tsakiyar hunturu ne, iska na zuƙe ruwan filasta kafin ta kama. Dole a riƙa ba ta ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Ka tambayi mutanen gida, sau nawa suka ga yaransa da bokiti bayan an shafa? Ɗauki guntun ka murza. In ya zama gari a hannunka, ko ba ta sha ruwa ba, ko yashi ya rinjayi siminti. Da tsadar nan da yawa sun rage hannu, buhun da ya kamata ya ci baro biyu sai a ba shi uku ko huɗu.

Ban yi mamaki da ka ce bangon gabas ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, nan ruwa ke duka. Iyayenmu sun san haka. Can suke fi ba da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su yi laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga, da katsin marina. Ga rawani a saman bango, ga indararo yana jefa ruwa nesa da gindi. Duk wanda zai cire wannan ya sa kwano, to kwanon ya leƙo waje aƙalla ƙafa biyu. In ya tsaya daf da bango, ruwa ta sama zai shiga tsakanin filasta da ƙasa, kuma in ya shiga ba shi da hanyar fita. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye da ƙasa ɗaruruwan shekaru saboda ana kula da ita, don haka kada ya ɗora wa ginin kakanku laifi.

Banɗakin nan bango nawa ya gina mashi da bulo?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Baba, Allah ya saka da alheri. Mun mayar da Hajiya ɗakin ƙanwata. Na duba, babu waya babu ƙusa ko ɗaya, guntun kuma yana murjewa. Kwanon bai fi taki ɗaya ya leƙo ba. Bango uku ya gina, na huɗun bangon ɗakin ne, a kansa ya manna tayil. Yanzu da kuka tambaya na gane abin da kuke nufi.

Maman 'Yan Biyu, Daura:

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni maganar kuɗin zan yi, don ta ci ni. Mun yi tayil a gidanmu nan Daura shekara biyu da suka wuce, maigidan yana Kano wajen aiki, ni ke tsaye. Mai aikin ya ce matarsa ta haihu, in cika mashi kuɗinsa, gobe zai zo ya ƙarasa layin da ya rage. Tausayi ya kama ni na ba shi. Wata huɗu ina kiran waya. Daga baya wani na biya ya fasa rabin ɗakin, don duk tayil ɗin a kan ɗigon siminti biyar aka ɗora su, tsakiya fanko, ƙafar gado ta fasa uku.

Dubu 300 ɗin nan ita kaɗai ce igiyar da ke hannunka, kada ka sake ta. Ba cin haƙƙinsa ka yi ba, aiki bai kammala ba. Amma kada ka bari matar yayanka ta ji daga bakin wasu. Ka je da kanka ka gaishe ta, ka ce Anti zo ki ga ɗakin Hajiya. In ta ga bangon da idonta ita za ta fi kowa matsa mashi, don kunyar a kanta take.

Injiniya:

Baba ya gama magana a kan filasta. Abu ɗaya zan ƙara: ko da waya da ƙusa, ni ban cika son siminti a wajen bangon ƙasa ba, don yana hana shi bushewa. In za ku iya samun maginin gargajiya ya mayar da yaɓen ƙasa a gabas, a ƙara tsawon kwano, a yi daɓen siminti a gindi mai gangara zuwa waje, ya fi mani kwanciyar hankali. Sai dai yana son a riƙa sabunta shi.

Banɗakin kuwa babu kwaskwarima, sai an fasa. Dole ya samu bangonsa na huɗu na bulo, da ɗan rata tsakaninsa da na ƙasa. Daɓen kuma ya gangara wajen magudana kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kafin a fasa ku gwada abu biyu don a san inda ruwan ke fitowa. Ku cika tanki, ku rufe duk famfuna, ku sa alama da yamma ku duba da safe. In ya ragu, bututu ne ke yoyo a cikin bango. In bai ragu ba, ku toshe magudana ku tara ruwa a daɓen na awa 24, ku ga ko danshin ɗakin ya ƙaru. Ku ɗauki hoton komai da kwanan wata, ku ajiye guntun filastar a leda.

Riƙe wani abu daga kuɗin ɗan kwangila ba baƙon abu ba ne. A manyan ayyuka ana riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wasu watanni bayan miƙa aiki, daidai saboda irin wannan. Naka bai kai kashi 10 ba. Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce dubu 300 da wuya ta gyara duka, don haka zaman da za ku yi a kan wa zai ɗauki me ne. Ku samo wanda ba ruwansa da kowa, magini babba ko mai rajista da CORBON (hukumar magina) ko COREN (hukumar injiniyoyi), ya ƙiyasta gyaran a rubuce. Kada ka kai shi wajen 'yan sanda, wannan ba aikinsu ba ne, gaba kawai za ta ƙullu. Mai unguwa da dattawa tukuna, in ta ƙi sai kotu.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode maku duka. Tankin ya ragu da kusan yatsa uku cikin dare, ke nan akwai yoyo a bututu ma. Maman 'Yan Biyu, na bi shawararki, Anti ta zo jiya, ta daɗe tsaye gaban bangon ba ta ce komai ba, daga nan ta kira ƙanin nata a gabana. Yaya bai ji daɗi ba da farko, amma da na murza mashi guntun filastar a tafin hannu ya yi shiru.

Za mu zauna ranar Asabar bayan la'asar a zauren kawunmu, da wani dattijon magini da ya taɓa yi wa marigayi Babanmu aiki. Abin da zan nema: ya fasa banɗakin ya sake da kuɗin aikinsa, mu mu sayi siminti da bulo daga dubu 300 ɗin, kuma ni zan riƙa ƙirga buhunan da ake buɗewa. Wannan karon a takarda, da hannun shaidu biyu. Bangon gabas kuwa ba zan sake ba shi ba.

Baba Birkila, in an zo ƙara kwanon, sai an cire na yanzu gaba ɗaya, ko ana iya sa ƙari a ƙarƙashin layin ƙarshe?